Sawun Yatsa a Kan Gilashi

Ranar Litinin da safe aka gano an sace hoto a Hukumar Binciken Sararin Samaniya, kuma kafin shayin ƙarfe goma ya huce kowa ya san ɓarawon, sai dai kowa da nasa.

Hoton da ya ɓata ba na wata ba ne, ba na taurari ba. Na ƙasa ne, tauraron ɗan'adam na hukumar ya ɗauko shi daga sama: kogi, daji, da wani sansanin soja wanda a hukumance babu shi. Guda biyu aka wanke, girmansu ɗaya. Na farko yana rataye a zauren baƙi, an shafe tsakiyarsa da baƙar tawada, kusurwa huɗu, kamar taga da aka toshe. Na biyu, wanda ba a shafe ba, yana ɗakin sirri a kan tebur, an rufe shi da gilashi. Shi ne aka wayi gari babu.

Abin da ya ƙara wa wutar fetur, Asabar ɗin da ta wuce ita ce ranar buɗe ƙofa, rana ɗaya tak a shekara da ake barin jama'a su shigo su ga abin da ake ɓoye musu sauran kwanakin.

Hukumar tana da ido a sama wanda yake iya ƙirga motocin da ke kan gada, amma ba ta da wanda zai gaya mata wa ya bi ta baranda. Dole aka aika a kira tsohon nan mai zagaya wayar shinge, wanda kowa ke ce wa Baba Mai Sawu.

Shekararsa talatin da biyu yana bin shingen hukumar da ƙafa, yana karanta ƙasa. Kafin nan mabiyin sawu ne a wani ƙauye da ke bakin kogi, yana nemo wa mutane ɓatattun shanu da ɓatattun 'ya'ya. Ƙauyen nan yanzu yana ƙarƙashin baƙar tawadar, gab da sansanin da babu shi. An tashi mutanensa a mota goma sha huɗu, aka bar matattu saboda ba su cika fom ba. A cikinsu har da matarsa, wadda ya binne wata bakwai kafin tashin. Ya karɓi aikin wayar ne don babu inda mutum zai tsaya ya fi kusa da ita ba tare da an harbe shi ba.

A ofishin Darakta ya iske ana musayar yawu. Kanar, shugaban tsaro, wanda ya bar soja shekara goma amma soja bai bar shi ba, yana nuna Kakakin hukumar da tsinin biro.

"Wasiƙa tara ta rubuta, ranka ya daɗe, tara, tana neman a bankaɗe hoton nan. Ranar Asabar kuma mabuɗin ɗakin yana hannunta. Ni ban ce komai ba."

"Ka ce komai mana, Yallaɓai," in ji Kakaki. "Na karɓi mabuɗi na ɗauko kujeru ne, tunda a gidan nan har kujera sirri ce."

Darakta mutum ne da ya kai matsayinsa ta hanyar yarda da duk wanda ya yi magana a ƙarshe. Ya dubi wannan, ya dubi wancan, sannan ya ga tsoho a bakin ƙofa kamar ruwa a lokacin ƙishi.

"Baba, ka ji dai. Gobe da azahar zan aika fayil kotun soja. In babu wani suna, nata zai tafi. Ranar buɗe ƙofa kuma, Kanar ya ce a soke ta."

"Har abada," in ji Kanar.

Mai Sawu bai damu da kotu ba kamar yadda ya damu da wannan kalma ta ƙarshe. A ranar buɗe ƙofa ne tsofaffin ƙauyensu suke zuwa daga inda iska ta watsa su. Ba sa kallon roka ta roba, ba sa kallon kayan ɗan sama jannati da aka cusa wa auduga. Kai tsaye suke wucewa wajen hoton, su ɗora yatsu a kan baƙin, su yi ta musu a kan inda gidan wane yake. Shi ne kawai zumuncin da ya rage musu.

"Katina fari ne, ranka ya daɗe," ya ce. "Waya, ƙofa, bayan gida. Ɗakin sirri na masu jan kati ne. Kuma doka ta hana ɗan ƙauyenmu jan kati."

Kanar ya yi tunani mai zurfi, irin na wanda yake lissafin yaƙi.

"Tunda an sace sirrin, ɗakin ba shi da sirri. Kana iya shiga."

* * *

Ya fara da waje. Bayan ɗakin sirri akwai wata ƙaramar ƙofa da ke fita wani lungu mai yashi, a nan ya sami sawun takalmi ƙafa ciki, babba, diddigen hagu ya fi cinyewa. Sawun ya fita taku tara, ya tsaya ya daɗe a gindin bango, ya dawo. Ba sau ɗaya ba, kullum. Ma'aikata suka taru a nesa suna raɗa: an ga sawun ɗan leƙen asiri.

Ya koma ya sami Kanar shi kaɗai.

"Yallaɓai, na ga sawu a lungu."

"Madalla! Na wane ne?"

"Na wani bawan Allah ne da likita ya hana shi taba, uwargida ma ta hana shi. Yana binne guntayen a gindin bango, da tsari, layi-layi kamar fareti."

Kanar ya dubi takalminsa, ya janye ƙafar hagu ƙarƙashin tebur.

"Wannan bayanin sirri ne, Baba."

"Haka na ɗauke shi."

Kakaki ya iske tana kwashe littattafanta cikin kwali, wai don kada sojoji su taɓa mata su da hannu.

"Baba, in da zan saci hoton nan ai a jarida za ka gan shi, ba a gulma ba. Ni abin da nake cewa, a yanke sansaninsu su jiƙa su sha, a bar wa mutane gidajensu su gani. Wace ƙasa ce za ta rushe don tsohuwa ta ga turken akuyarta?"

"Kin taɓa ganin hoton?"

"Sau ɗaya, da na ɗauko kujeru. Toka-toka ne da ɗige-ɗige. Wallahi ban gane komai ba, amma ka rufa mini asiri, shekara shida ina faɗa a kansa."

Mai mabuɗi na uku ita ce wadda ake kira Malama Tawada, saboda aikinta ke nan: duk hoton da zai fita wa jama'a sai ya bi ta teburinta, ta auna, ta shafe abin da doka ta ce a shafe. Shekara goma sha tara tana wannan, ba ta taɓa makara ba, ba ta taɓa zuwa bikin kowa ba. Ya same ta da fararen safar hannu, tana jan layi da rula.

"Sannu da aiki, Malama."

"Sannu, Baba. Ga kujera."

"Yaushe rabonki da ɗakin?"

"Juma'a da yamma. Yana cikin rajista."

"Ba ki gajiya da shafe aikin mutane?"

"Wani ya share, wani ya shafe," ta ce, ba ta ɗago ba. "Duk tsabta ce."

* * *

Inna mai goge-goge ce ta raka shi ɗakin sirri. A bakin ƙofa aka ba su safar roba shuɗiya su sa a kan takalmi, da safar hannu. Mai Sawu ya dubi daɓen, sumul kamar faranti, ya dubi ƙafafunsu da suka koma iri ɗaya.

"An kira makaho kallon wata," ya ce.

"Kai dai bari, Malam. Shekara goma sha biyu ina goge ɗakin nan da baya-baya."

"Da baya-baya kuma?"

"To ai katina kore ne. An yarda in shiga, ba a yarda in gani ba. Sai in juya wa teburin baya, in yi ta ja da tsumma kamar mai gudun kishiyar uwa. Soja na tsaye yana kallon ƙeyata."

"Gilashin fa, wa ke goge shi?"

"Wa zai goge? Masu iya gogewa ba su da izinin gani, masu izinin gani ba su iya gogewa ba."

Ya tsaya a kan teburin. Gilashi ne mai faɗi, babu komai ƙarƙashinsa sai farin allo. Sawu ba ya son rana tsaka, yana son haske mai kwanciya. Ya sa aka kashe fitilun sama, ya karɓi tocilar sojan ya kwantar da ita a gefen gilashin, ya sunkuya ya hura masa huci.

Sai ga shi ya fito. Wani ya sha cire safar hannu a ɗakin nan. Layi ne siriri na maiƙon yatsa, an bi shi an sake bi, ba sau goma ba, ba sau ɗari ba, har ya yi kauri kamar turbar tururuwa. Ya faro daga ƙasa ta hagu, ya hau, ya karya dama. Ɗan leƙen asiri zai nufi sansani, can sama. Wannan yatsa bai ko leƙa can ba.

Mai Sawu ya bi shi da ido, sai ya ji ƙafafunsa suna bin sa su ma. Nan mashayar kogi. Nan hawan da jakuna ke ƙi. Nan kwanar maƙera. Daga nan hanya miƙaƙƙiya ce, fili fetal, amma yatsan ya yi wani ɗan lanƙwasa, ya kewaye abin da babu, ya dawo kan hanya, ya je ya tsaya.

Ya san abin da aka kewaye. Tsohuwar rijiya ce, wadda ɗan tela mai shekara huɗu ya faɗa ciki. Shi da kansa ya bi sawun yaron har bakinta. An cike ta da ƙasa a makon, ta zama daidai da hanya, amma babu ɗan ƙauyen da ya sake taka wurin. Inda yatsan ya tsaya kuwa ƙofar gidan tela ce, gida biyu tsakaninta da tasa.

Tela 'ya'yansa biyu. Ta fari mace ce, bayan rasuwar ƙanenta aka kai ta birni wajen gwaggonta, ba a sake ganinta ba. Yanzu za ta yi arba'in da 'yan kai. Kakaki ta kai haka. Malama Tawada ma ta kai. Fayil ɗin kowacce ya ce a birni aka haife ta.

"Ka ga wani abu, Malam?" in ji Inna, fuskarta na bango.

"Datti," ya ce. "Kin yi gaskiya, ba a gogewa."

Da la'asar ya yi zagayensa kamar kullum. A kusurwar gabas, inda waya ta fi matsawa kusa da daji, ya tsaya fiye da yadda aiki ya nema. Tun yana saurayi ake kiransa ya nemo wanda ya ɓata don a mayar da shi gida. Yau ga wadda ta nemo hanyar gida da kanta, shi kuma an ɗauke shi ya kama ta a kai. In ya yi shiru, a tafi da wadda ba ta ji ba ta gani ba, a rufe ƙofar da tsofaffi ke shigowa. Ya yi ta juya abin, bai sami gefen da ba ya yanka ba.

* * *

Talata da hantsi ya roƙi Darakta ya tara su a zauren baƙi: Kanar, Kakaki, Malama Tawada, da Inna, wadda ta tambaya ko yau an yarda ta fuskanci gaba.

Mai Sawu ya tsaya gaban hoton da aka shafe. Kogin yana waje da baƙin, ana ganinsa sarai.

"Ranka ya daɗe, wanda ya ɗauki hoton nan ba sansani yake nema ba. Ya bar sawun yatsa a gilashi. Bari in nuna muku yadda ya bi."

Ya ɗora yatsa a mashaya, ya shiga cikin baƙin.

"Nan ya hau. Nan maƙera take, ya karya dama."

"Ni tawada kawai nake gani," in ji Kanar.

"Haka ne, Yallaɓai, aikin ya yi kyau. To daga maƙera sai ya miƙe."

Ya tafiyar da yatsan a hankali, kamar tafiyar ƙaramin yaro. Bai lanƙwasa ba. Ya nufi tsakiyar filin kai tsaye.

"Kada ka taka!"

Muryar ta cika zauren. Malama Tawada ce, ta yi taku biyu gaba, hannunta a miƙe, har rular da ta zo da ita ta faɗi. Shekara goma sha tara ba wanda ya taɓa jin ta ɗaga murya.

Ita ma ta dubi hannunta kamar na wani.

"Ya taka me?" in ji Darakta.

"Rijiya," ta ce. "Akwai rijiya a wurin."

Kanar ya matso, yana hura hanci. "Na duba hoton nan da madubin ƙara girma fiye da sau hamsin. Babu rijiya."

"Babu ita a hoto, Yallaɓai," in ji Mai Sawu. "An cike ta kafin a harba tauraronku. Sai wanda ya sha ruwanta." Ya juya wajen matar, muryarsa ta sauka. "Ke ce ta gidan tela. Mai ɗaukar ƙanenta a baya tana jan ƙafa."

"Ka gane ni da wuri, Baba. Shekara goma sha tara kawai."

"Ina hoton?" Kanar ya daka tsawa. "Wa kika ba? Wace ƙasa?"

Ta dubi Mai Sawu, wanda har yanzu bai sauke hannu ba.

"Yatsansa yana kai."

Aka sauko da firam ɗin, Kanar ya kwance bayansa da kansa. Ga hoton sirri a manne a bayan na jama'a, kusurwa ta hau kusurwa, gida ya hau gida. Nan take ya kife shi a ƙirjinsa, ya umurci masu farin kati da koren kati su juya baya. Inna ta juya cikin gwaninta. Mai Sawu ma ya juya. Tsakaninsa da gidansa taku uku ne, yana kallon roka ta roba.

"Me ya kai ki?" in ji Darakta a bayansa.

"Bara tsofaffi goma sha ɗaya suka zo, ranka ya daɗe. Bana na ji an ce bakwai ne suka rage. Duk shekara ina leƙensu ta tagar ofis suna shafa tawadar da na zuba, babu komai ƙarƙashinta sai kwali. Na ce ko sau ɗaya dai, in sun ce nan ne gidana, ya zama nan ɗin ne. Ba wanda ya gani. Ban fitar da shi daga ginin nan ba. Na so in mayar jiya da safe, Kanar ya riga ni shiga."

"Ni kuma fa?" in ji Kakaki. "Da kin zuba ido an tafi da ni?"

Malama Tawada ta ciro wata takarda a ninke daga aljihu. "Tun jiya na rubuta. Sau uku ina zuwa ƙofar Darakta. Ki yafe ni, 'yar'uwa. Shafewa na iya, bayyanawa ban saba ba."

* * *

An kafa kwamiti, kamar yadda ake yi duk lokacin da gaskiya ta fito ba a shirya mata ba. Ya zauna mako uku a kan tambaya guda: sirrin da aka rataye a gaban jama'a, jama'a ba su gani ba, ya fita ko bai fita ba? Aka tsaya a kan cewa bai fita ba, saboda haka babu kotu. Amma ƙaryar wurin haihuwa ta fita, saboda haka babu aiki. Kakaki ta mayar da littattafanta kan kanta. Ranar buɗe ƙofa ta tsira, da sharaɗin a gitta igiya taku biyu gaban hoton, kada a sake taɓawa.

Ranar da Malama Tawada za ta tafi, Mai Sawu ne a ƙofa. Ta fito da jaka ɗaya, hannunta babu safa. Ta miƙa masa jan katinta ya ajiye a akwatin masu gadi.

"Da gangan ka taka rijiyar, Baba."

"Da gangan. Ni na bi sawun ƙanenki har bakinta, ni kuma na taka ta a gabanki. Ban da bakin ba ki haƙuri."

"Da ba ka taka ba, da har yanzu takardar tana aljihuna." Ta gyara riƙon jakar. "Tambayi abin da kake son tambaya. Tun ɗazu yake bakinka."

Ya dubi ɗakin masu gadi, ya dubi titi.

"Bayan gidanmu, ta gabas, kafin gonar liman. Nan na kwantar da matata. Ana ganin wurin?"

"Hoton ba ya kama abin da bai kai mota girma ba. Ba a ganin kabari daga sama."

"Haka ne," ya ce. "Haka ne. Dama na ce."

Ta yi taku biyu, ta tsaya, ba ta waiwayo ba.

"Amma wurin ya fi ko'ina duhun ganye. Duk ƙauyen ya bushe, nan kaɗai ne kore."

"A wane lokaci aka ɗauka?"

"Tsakiyar rani."

Ta tafi ta bakin titi, inda yashi yake da laushi yana riƙe komai. Sanin kowa ne mai faɗin gaskiya da mai ƙarya ba sa taka ƙasa iri ɗaya, kuma a faɗin garin nan babu wanda ya kai shi iya bambancewa. Sawunta na nan a gabansa, sabo, ɗaya bayan ɗaya. Mai Sawu ya ɗaga kai ya zuba wa sama ido, bai sauke ba sai da motar ɗiban ma'aikata ta zo ta bi ta kai.